Mutum Ashirin da Uku, Ranar Haihuwa Ɗaya

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Ba ni da laifi. Bari in fara rubuta wannan, in ya so duk abin da zai biyo baya ya biyo.

Jiya aka liƙa jerin sunayen a bangon masallacin Madadi, yau kowa a garin nan ya zama masanin kwamfuta. Ƙungiyar manomanmu, wadda ta haɗa mutanen Madadi da Jama'a da Masanawa, ta samu aron tarakta na kwana ashirin. Gona uku take yi a rana, gona sittin ke nan, membobi kuwa ɗari biyu da goma sha huɗu. Masu ba da aron suka ce a bi ranar haihuwar da ke kan katin ɗan ƙasa, dattijo ya fara. Shugaban ƙungiya, Alhaji Nata'ala na Masanawa, ya ce tunda ga Sa'ada 'yar Malam Ja'afar tana koyar da kwamfuta a Gwarzo, a ba ta ta jera, ai na'ura ba ta san ɗan uwa ba. Ranar har albarka aka yi ta sa mini.

To, na jera. Baba ya fito na hamsin da huɗu. Baffa Ya'u, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ba shi shekara uku, ya fito na sittin da shida. Wato ƙane ya samu tarakta, wa ya tashi a tutar babu.

Abin da Baffa ya faɗa a ƙofar masallaci bayan an idar, a gaban jama'a, ba zai shiga littafin nan ba. Ya ambaci gonar bakin rafi. Ya ambaci karatuna. Ya isa haka.

Baba ya shigo gida, bai taɓa abincin rana ba.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Na durƙusa na gaishe shi. Sallama ya amsa, don wannan haƙƙin Allah ne. Ina kwana kuwa, bango ya kalla.

Inna ta ce in ba shi lokaci. Na ce Inna, lokacin me? Me na yi? Ta ce in rage murya.

Litinin, 12 ga Mayu, lokacin tara, a ofishin malamai

Na buɗe katunan na sake dubawa. Baffa: ɗaya ga Janairu, 1960. Baba: ɗaya ga Janairu, 1960. Tabɗi! Ashe tagwaye ne ban sani ba.

Ba su kaɗai ba ne. Mutum ashirin da uku ne a ƙungiyar nan aka haifa rana ɗaya, in dai kati za a bi. Lokacin yin kati, duk wanda aka tambaya ya ce wajejen samun 'yancin kai aka haife shi, sai a rubuta masa 1960, a liƙa masa ɗaya ga Janairu, na gaba ya matso. Su ashirin da ukun nan sun kama daga lamba arba'in da takwas zuwa saba'in, layin sittin ya ratsa ta tsakiyarsu. Dole wasu su shiga, wasu su rasa. Ni na rubuta musu katin?

Kuma ba danna maɓalli na yi ba, kamar yadda ake yi a shagunan buga takardu. Da hannuna na rubuta tsarin, merge sort, don in wani ya tambaye ni in iya faɗa masa kowane taki. Ni raba-ka-haɗa nake ce masa. Ga shi, don in na mutu a san abin da na yi:

def jera(sunaye):
    if len(sunaye) <= 1:
        return sunaye
    tsakiya = len(sunaye) // 2
    hagu = jera(sunaye[:tsakiya])
    dama = jera(sunaye[tsakiya:])
    return hada(hagu, dama)

Ka raba sunayen gida biyu. Kowane gida ka sake raba shi biyu, ka yi ta yi har kowa ya tsaya shi kaɗai. Mutum ɗaya ai a jere yake, ba shi da wanda zai sha gaba. Daga nan sai haɗawa: layi biyu da kowanne ya riga ya jeru, ka dubi na gaban wannan da na gaban wancan, ka ɗauki wanda ya girma, ka sake dubawa. Sau takwas ake rabawa ɗari biyu da sha huɗu su koma ɗaiɗai, sau takwas ake hawowa. A ina cikin wannan zan cusa Baba? Ta wace ƙofa?

Ban taɓa jerin nan da hannu ba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

Kwana biyar. Sallama kawai.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Mahbub ya zo har makaranta, wai ya zo gaisuwa. Mahbub mai shagon kwamfuta a Kabo, wanda ya so a ba shi aikin nan tun farko aka hana shi. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce, "Malama, ni fa ba neman magana nake ba. Amma na zuba sunayen nan yadda suke a rijistar ƙungiya, na danna jerawa a Excel, sai ga Malam Ya'u na hamsin da biyu."

Na ce, "To sai me? Kati ya ce ranarsu ɗaya. In mutum biyu suka zo daidai, duk wanda aka sa gaba daidai ne."

Ya ce, "Haka ne, haka ne. Sai dai mutane suna tambaya, me ya sa naki daidai ɗin ya faɗo wa gidanku."

Wallahi saura kaɗan in jefe shi da dasta. Na ce ya gaishe da mutanen Kabo.

Ban tambaye shi inda Baba ya faɗo a nasa jerin ba. Ba na bukata.

Asabar, 17 ga Mayu, hantsi

Na gwada tsarin nawa sau arba'in yau. Na ba shi lambobi a hargitse, ya jera. Na ba shi a juye, ya jera. Na ba shi lamba ɗaya tak, na ba shi ba komai, bai faɗi ba. Na ba shi 7, 5, 9, 5, 2, 5, ya dawo mini da 2, 5, 5, 5, 7, 9. Ina kuskuren? A nuna mini!

Matar Baffa ta aiko a karɓi turminsu da ya shekara biyu a gidan nan. Su ɗauka. Har taɓaryar na haɗa musu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, bara waccan ne fa aka samu Baba da Baffa suka koma gaisawa, bayan rigimar gonar bakin rafi. Ni na fi kowa sanin daren da Baba ya yi bai runtsa ba a kan maganar nan. Sai a ce ni zan tono ta? Saboda huɗar kadada ɗaya da rabi?

Ban taɓa jerin nan da hannu ba.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Tarakta ta fara aiki a Jama'a. Kwana goma sha biyar nan gaba za ta iso kan 'yan 1960. Baba ya aika wa Alhaji Nata'ala cewa shi a cire sunansa. Ba ni ya faɗa wa ba, a bakin Inna na ji. Alhaji ya ce jeri ya riga ya tafi wurin masu tarakta, ba a cire suna.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Bari in rubuta.

Inna tana tsintar wake a tsakar gida, ta ce, "Wai ke wannan abin da kika ƙulla, ba ya nunuwa sai a cikin akwatin? Nuna mini in gani da idona." Inna ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo a awo. Na yayyanka takarda takwas, na rubuta sunaye da shekaru, na shimfiɗa a tabarma. Na sa Baffa da Baba a ciki, Baffa a gaba, yadda suke a rijistar ƙungiya. Na raba huɗu huɗu, biyu biyu, ɗaya ɗaya. Na fara haɗawa ina bin abin da na rubuta layi bayan layi, ina karanta mata sunan duk wanda na ɗaga.

Da na zo kansu, Baffa yana hannun hagu, Baba yana dama. Na ɗauki Baba.

Ta ce, "Tsaya. Don me?"

Na ce, "Daidai suke, Inna. Tsarin cewa ya yi, in na hagu ya girmi na dama a ɗauki na hagu. In ba haka ba a ɗauki na dama."

"To ai bai ce na dama ya girma ba."

"Bai ce ba. Amma tunda daidai suke, duk ɗaya ne."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Sa'ada, a ina kika taɓa ganin mutum biyu daidai? Ko tagwaye ai akwai wanda ya riga fitowa. Ranar da aka buɗe rijistar nan, mai unguwa da liman ne suka zauna suna kiran suna, babba kafin ƙarami. Sun san wanda aka yi wa kaciya da wa, sun san wanda ya goyi wa. Abin da katin bai sani ba, littafin ya sani. Ke kuma duk inda aka yi kunnen doki sai ki miƙa hannun dama."

Na shiga ɗaki na buɗe kwamfutar. Ga layin nan yana kallona:

if hagu[i].haihuwa < dama[j].haihuwa:

Na hagu shi ne wanda ya riga zuwa a rijista. Duk sanda aka yi daidai, na dama nake ɗauka, wato na baya. Kuma ba sau ɗaya ba, a kowane hawa na haɗawar, sau takwas. Na fito da su ashirin da ukun na ajiye kusa da rijista. Na farkonsu ya koma na ƙarshe, na ƙarshe ya koma na farko, tsaf, ba wanda ya tsira sai na tsakiya. Ni da nake cewa ƙaddara ce ta raba su. Ashe ni na kifar da su gaba ɗaya.

Gwajin da na yi ta taƙama da shi kuwa, biyar uku ne suka fito a jere. Ta yaya zan gane wace biyar ce ta sha gaban wace? Biyar ba ta da wa, ba ta da ƙane.

Malaminmu na diploma ya faɗa, na tuna har inda yake tsaye: kyawun merge sort shi ne ba ya taɓa tsarin waɗanda suka zo daidai, in an rubuta shi daidai. Na rubuta a jarrabawa na ci maki. Kaico.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe shida da rabi na safe

Na gyara. In na hagu ya girma, ko sun zo daidai, a ɗauki na hagu:

if hagu[i].haihuwa <= dama[j].haihuwa:

Na sake gwadawa, wannan karon kowace lamba da suna a jikinta. Sannan na zuba ɗari biyu da sha huɗun.

Baffa, hamsin da biyu.

Baba, sittin da huɗu.

Alhamis ɗin dai, bayan azahar

Na ce wa ɗalibai su yi karatun shiru. Ban iya tsayuwa a gaban allo ba.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na hau ɗan sahu zuwa Masanawa. Alhaji Nata'ala yana zaure, muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi makaranta da zafi, kamar bai san abin da ya kawo ni ba. Na ajiye masa sabon jerin, na faɗa masa komai. Mutum goma sun shiga ba haƙƙinsu ba, mutum goma sun fita da haƙƙinsu.

Ya shafa gemu. Ya ce, "'Yata, kin san mutum goman nan sun riga sun saki masu shanun huɗa? In na ce musu babu, ƙungiyar nan ta watse. Ga shawara. A bar jeri yadda yake. Mu ɗauko Malam Ya'u mu sa shi a lamba sittin, Malam Gali da ke wurin mu ba shi haƙuri, mutum ne mai sanyi, ba zai ce komai ba. Mu ce kwamfuta ce ta samu tangarɗa. Mahaifinki ya samu, yayansa ya samu, ke kin fita kunya. Wa ya rasa?"

Na ce, "Malam Gali, Alhaji. Shi a tsohon jerin yana ciki, a sabon ma yana ciki. Da sauran mutum taran."

Ya ce, "Ke yarinya ce, ba ki san zaman jama'a ba."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, amma kwamfuta ba ta samu tangarɗa ba. Abin da na ce ta yi shi ta yi. In aka tara mutane aka ce ita ce, zan miƙe in ce ni ce."

Ya kalle ni kamar na zage shi. Wataƙila a wurinsa na zage shi ɗin. Ya ce to, Laraba za a yi taro, in zo in faɗa da bakina, tunda bakin nawa ya iya.

Mako biyu ina cewa ban taɓa jerin nan da hannu ba. Ba yau zan fara ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, da safe

Na faɗa wa Inna lambar Baba. Ta ce, "Bayan nasa fa?" Tun azumi yake fama da ciwon baya, na sani. Na ce na sani.

Ban faɗa masa ba. Ta yaya ake faɗa wa wanda ba ya amsawa?

Laraba, 28 ga Mayu, gab da magariba

An yi.

A ajin firamaren Masanawa aka taru, manya a kan bencin yara, gwiwoyinsu har ƙirji. Ni kaɗai ce mace, na tsaya daga bakin ƙofa. Baffa yana gaba. Baba yana can ƙarshe jikin taga.

Na fito da takarduna takwas na jera a tebur. Na raba, na haɗa, a hankali, yadda na yi wa Inna. Da na zo inda biyu suka yi daidai na ɗaga su sama na ce, "A nan na yi kuskure. Na ce ta ɗauki na baya ta bar na gaba. Rijistarku daidai take, ni na juya ta."

Wani tsoho daga Jama'a ya ce, "Wato ba injin ba ne?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Da gangan?"

"Da jahilci."

Aka yi 'yar dariya, ba ta daɗe ba. Malam Musbahu, wanda yake na hamsin a tsohon jeri, ya miƙe ya ce shi ya sallami mai shanu tun makon jiya, yanzu wa zai huɗe masa, ni? Ya faɗi wasu maganganun. Na tsaya na ji su duka, don yana da gaskiya. Amma da ya ce a bar tsohon jerin tunda an riga an liƙa, na ce masa, "Malam, wanda ka hau wurinsa ya girme ka, kuma kai ma ka sani." Ya zauna yana huci.

Alhaji ya ce in karanta sabon. Na karanta. Hamsin da biyu, Malam Ya'u. Bai ɗago ba. Na kai sittin, Alhaji ya ɗaga hannu wai ya isa. Ban tsaya ba. Goman da suka fita suna da haƙƙin su ji inda suka faɗo, daga bakin wadda ta jawo musu. Sittin da ɗaya. Da biyu. Da uku.

Tunda aka haife ni ban taɓa kiran sunan Baba da ƙarfi a gaban mutane ba. Na kira shi. Muryata ta fashe a tsakiya, na sake kira don kada a ce ba a ji ba.

Aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu, sabon jeri ya wuce da ƙyar. Ban ga ko Baba ya ɗaga ba, ban yarda na kalli wajen ba. Da za a tashi Alhaji ya karɓi rijistar daga hannuna, ya ce in huta haka, Mahbub zai ci gaba. Su ƙarata. Ko a jikina.

Ƙarya nake. Na yi kuka a ɗan sahu har Madadi.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan azahar

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Kowa ya fita neman shanu, babu ko na rantsuwa sai bayan Sallah.

An ce Baffa ya ba Baba hannu a masallaci. An ce. Gidan nan dai bai zo ba, ban kuma sa rai ba.

Asabar, 31 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Baba ya ciro garma daga rumbu yana wasa ta a kan dutse. Na gaishe shi. Sallama kawai.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Kwana uku ke nan yana fita tun asuba. Kadada ɗaya da rabi, da garmar hannu, mutum mai shekara sittin da wani abu, duk abin da katin ya ce. Daga gonarmu ana jiyo ƙarar taraktar a ƙetaren rafi.

Yau na dawo daga makaranta na tarar ya riga ni shigowa. Yana zaune a bakin rijiya, ya kasa miƙe bayansa sosai. Inna ba ta nan. Buta tana gabansa, ya kai hannu zai ɗauka ya fasa. Na zo zan wuce ɗaki.

Ya ce, "Sa'ada."

Na tsaya.

Ya miƙo hannuwansa biyu, ya buɗe. Duk sun yi kanta sun fashe, ƙasa ta shiga cikin ciwon. Ya ce, "Zuba mini."

Na durƙusa na zuba. Ruwan ya sauka ja-ja a kan siminti. Yana cije leɓe, ni ina cije nawa. Ni na jawo masa wannan, na sani, shi ma ya sani. Na buɗe baki zan ce ya yi haƙuri, sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Sittin da huɗu ɗin nan, nan ne wurina?"

Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya ce, "To, madalla. Ƙaro ruwa."